Filtar Ntate

Clarens, watan Mayu

Zuwa ga yayana, Abuti Moeketsi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Sesi Noxolo da yara. Mu nan sai godiya, sai dai jikin mahaifinmu Ntate, ko in ce kansa. Mantuwar ta ƙaru. Jiya da sunan marigayiya Mme, mahaifiyarmu, ya kira ni har yamma.

Abu ɗaya ne bai manta ba. Ka tuna tsohuwar filtar nan mai tace ruwan bahon ruwan zafi da ya taho da ita ranar da ya bar aiki a masaukin baƙi? Kullum da safe sai ya fito da ita tsakar gida, ya buɗe famfo, ya bi ninkinta ɗaya bayan ɗaya yana wankewa, ya jiƙa ta a bokiti, ya shanya. Gobe ma haka.

Ran Asabar na je kasuwa, kafin in dawo ya fice da ita a hammata. Har masaukin ya taka da ƙafa. Ya iske wasu baƙi biyu a cikin baho, ya kashe musu inji, ya ce, "Ku fito, 'ya'yana, ruwan nan ya yi duhu, zai fesa muku ƙuraje." Sabon manajan bai san shi ba, ya kira mai gadi. Mme Disebo mai girki ce ta fito da gudu tana cewa, "Kai, sake shi! Tun ba a haife ka ba yake gyaran bahon nan!" Ita ta kawo min shi a tasi, yana ta ba ta haƙuri wai ya makara aiki.

Abuti, na gaji, kuma ina tsoro. Ka zo mu yi shawara.

Ƙanwarka,
Nthabeleng

Gqeberha, watan Yuni

Nthabeleng,

Na ga wasiƙarki, ina gaishe ku. Ba za su ba ni hutu a kamfanin motoci yanzu ba, sai Disamba.

Ki jefar da filtar nan. Ita ke tuna masa da aiki, ita ke fitar da shi titi. Wata rana mota za ta kaɗe shi. Tun muna yara bahon mutane ne ya raba mu da shi, ko ranar Kirsimeti warin maganin ruwa yake dawo mana da shi. Ya isa haka. Na yi magana da wani gidan tsofaffi a Bethlehem, za su kira ki.

Ki yi abin da na ce.

Moeketsi

Clarens, watan Yuli

Abuti,

Ina gaishe ka. Na yi abin da ka ce. Na saka filtar a shara ranar da motar kwasa ke zuwa.

Da safe ya fito da bargonsa a kafaɗa, ya leƙa bokiti, ya duba bayan ɗaki, har cikin kejin kaji. Ya ce min, "Yarinya, ba ki ga kayan aikina ba? Baƙi za su shiga ruwa mai datti, a ce ni Mofokeng na yi sakaci." Na ce ban gani ba. Ya zauna a bakin famfo, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Haka ya wuni, ga ƙanƙara a kan duwatsu. Tuwon masara da ganyen da na kai masa ko kallo bai yi ba.

Da na ga abin ya ƙi, na je juji, ban same ta ba. Na tafi Bethlehem na sayo sabuwa, fara fat, a cikin leda. Ya juya ta, ya shinshina, ya miƙo min, ya ce, "Wannan ai ba abin da ya same ta. Me zan yi mata?"

Bai ƙara fita titi ba, a nan kam gaskiyarka. Bai kuma ƙara fitowa daga ɗaki ba. Sanyin ranar nan ya kama masa ƙirji, nas ta ce huhu ne. Ban ce laifinka ba ne, da hannuna na jefar.

Nthabeleng

Gqeberha, Talata

Ƙanwata,

Gaisuwa gare ki da Ntate. Na bi otal-otal na bakin teku har na sami wani mai gyara ya ba ni filta da ya cire a ranar. Ta yi baƙi ƙirin, duk gashi da maiƙo, Noxolo ta hana ni shiga da ita ɗaki. Zan hau motar Juma'a ko kamfani sun yarda ko ba su yarda ba. Ki gaya masa ana kawo masa aiki mai yawa, kuma ni zan riƙe masa tiyo.

Yayanki,
Moeketsi

Clarens, Alhamis

Abuti,

Na ba direban tasi wannan, ban sani ba ko za ta iske ka kafin ka taso. Na karanta masa wasiƙarka jiya. Ya tambaye ni wane ne Moeketsi, na ce ɗanka ne. Ya ce, "To ya zo da wuri, kafin baƙi su tashi."

Yau da hantsi ya cika. Ka taho da baƙar kwat ɗinka don jana'iza.

Nthabeleng