Ba a Ce wa Likita "Da Sauƙi"

Ɗiyata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mutanen shagon ɗinki.

Babanki ya ce an yi miki hoton ciki ba a ga komai ba, sai kowa ya ce ai ciwon mara ne irin na kowace mace. Haka mutane da yawa suka ɗauka, wai in hoto bai nuna ba to babu cuta. Ba haka ba ne. Akwai lalurar da ake kira endometiriyosis, inda nama irin na shimfiɗar cikin mahaifa yake tsirowa a wajenta, kuma hoto yakan kasa kama shi. Na daɗe ina koyar da 'yan mata kiwon lafiya, na san zancen. Me kika gaya wa likitar?

Ki huta lafiya,
Goggonki

*

Goggo,

Ina gaishe ki da ladabi. Likita ta ce "Yaya jikin?" na ce "Da sauƙi." To me zan ce? Na yi wanka, na shafa hoda, ranar ma ba ya ciwo.

Amma duk wata a ƙarƙashin teburin yanka nake ƙarewa, na naɗe dutsen guga da tawul ina danna shi a mara. Ko bayan gida da hawaye nake yi. Uwar ɗakina ta ce in na sake kwanciya ana tsakiyar aiki, wata za ta ba keken ɗinkina.

Taki,
Auta

*

Auta sarkin kunya,

Ina amsawa. "Da sauƙi" ta maƙwabta ce in sun zo dubiya! Likita da bakinki take fara bincike, kafin kowace na'ura. Ki tsaya gaban madubin gwada kaya ki yi ta faɗa har bakinki ya saba: inda yake ciwo, lokacin da yake tashi, da abin da yake hana ki yi. Har dutsen gugar ki faɗa.

Allah ya ba ki lafiya,
Goggonki

*

Goggona,

Gaisuwa da albishir! Ki yi haƙuri da shirun, abubuwa ne suka faru. Ta ce "Yaya jikin?" na ce "Ba sauƙi." Sai ta ajiye biro ta juyo da kujera. Da na kai kan dutsen guga, ta riƙe baki.

Ta tura ni wajen likitar mata. Aka duba ni, aka sake hoto, daga ƙarshe aka yi ɗan ƙaramin aiki, aka zura kyamara ta kusa da cibiya. Goggo, ga shi nan kuwa! Sun cire wanda ya ciru, sun ɗora ni kan magani, za su ci gaba da duba ni. Ban taɓa zaton zan yi murnar jin sunan cuta ba.

Uwar ɗakina ta zo asibiti, duk kunya ta kama ta. Ta ce, "Kekenki na lulluɓe shi, ja'ira, ba wadda za ta hau."

Jiya kuma da na koma shago, na ga mai yi mana aikin maɓalli ta ɗauki dutsen gugar da tawul ta yi bayan labule.

Taki har kullum,
Auta

*

Auta,

Alhamdu lillahi, har rawa na taka a kicin! Wannan karon ba sai na rubuta ba. Ki kama hannun mai maɓallin, ki kai ta gaban madubin, ki tambaye ta yaya jiki. In ta ce "da sauƙi", ki sake tambaya.

Sai na zo awo,
Goggonki