Biron Baba

Tampa, Florida

Yaya Wendell,

Gaisuwa mai yawa. Ya Mama da ƙafar tata? Ya Loretta da yara? Ni lafiya lau. Idona ne kawai ke ruwa, wuni nake ina ƙura wa takarda ido, amma kar Mama ta ji.

Tsohon littafin zanen da Baba ya bar maka ya iso kamfaninmu don a tantance darajarsa. Ka tuna ranar rabon gado? Ka ɗaga shi ka ce, "Darlene, wannan sai masu hankali. Ke ɗauki kujera."

To, tantance sa hannun masu zane shi ne aikina. Na jera sa hannun da ke jikin littafinka da na gaske guda arba'in, ko kusa bai yi ba. Shugaban ofishinmu ya leƙo ya ce, "Wane sakarai ne ya ɓata bangon littafin nan da biro?"

Na ce, "Ubana ne."

Na san rubutun. Da shi yake sa hannu a takardun makarantata ba ya ko karantawa. Shekara talatin yana ba mu labarin layin da ya bi a Chicago har mai zanen ya sa masa hannu a littafin ya rungume shi. Ashe a kicin ya zauna ya rubuta abinsa.

Da bai taɓa littafin ba, makin darajarsa tara ne cikin goma. Yanzu uku. Na liƙe maka shi a roba, ka rataya a falo.

Ka aiko min da zumar Kawu Floyd. Allah ya sa wa gadonka albarka. Kujerata tana nan, a kanta nake rubutun nan, kuma itacenta na gaske ne.

Ƙanwarka,
Darlene