Rigar Auta

Litinin, 3 ga Maris
Na gama ɗinkin tutocin jam'iyya. Bayana kamar zai karye, amma ko a jikina. Jagora, mai mulkinmu, shi ne ya kawo mana famfo har ƙofar shago. Wai tsarin mulki ya ce zango biyu kawai. To mu da muka zaɓe shi mun ce ya zarce, takarda ce za ta fi mu baki?

Laraba, 5 ga Maris
Magana ta je kotu, kuma cikin alƙalan har da Autata! Yau duk layinmu "Baban mai shari'a" ake kirana. Mai aski har tashi ya yi ya ba ni kujerarsa. Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba.

Asabar, 8 ga Maris
Na kira ta don in ɗan ja mata kunne. Wai, "Baba, ka san ba zan yi wannan maganar da kai ba. Ya ƙafar taka?" Ji min yarinya! Na ce taurin kan uwarta ne. Uwar ta ce nawa ne sak.

Talata, 11 ga Maris
Sun hana shi zarcewa. Ita ta karanta hukuncin.

Alhamis, 13 ga Maris
Ba wanda ya zauna a bencin shago. Shugaban mazaɓa ya zo, ko sallama babu. Wai in shiga rediyo in ce ba da yawuna ba, ko su kai ɗinkinsu wani wuri. Na ce zan yi tunani. Raina a ɓace yake, da ita da su duka.

Asabar, 15 ga Maris
Ta zo da baƙar rigarta ta aiki a leda, kafaɗa a yage. Wani ne ya fizge ta a ƙofar kotu. Na fara faɗa, sai ta ce, "Baba, ranar da wanda ba ka so ya hau, takardar nan ce za ta sauke maka shi." Na karɓi ledar na ajiye kan keken ɗinki.

Litinin, 17 ga Maris
Ta ciki na bi ɗinkin da hannu, ko ita ba ta gane wurin ba. Har gobe Jagora ya fi su duka, ban sauya ba. Rediyo kuwa, ƙafa ce ta hana ni zuwa.
Ni na riƙe mata rigar har ƙofar kotu, ta tsakiyar masu ihu. Wani ya ce, "Ga uban nan!" Na juya na ce, "Ni ne, sai yaya?"
Don kada rigar ta yamutse ne kawai na raka ta. Gobe ma zan je.