Inda Za Ta

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba Mahalbi.

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, da fatan kana cikin rahamar Allah, ina sanar da kai Inna tana nan lafiya a Sarandosa, jikarka Hafsatu kuma ta fara wayo. Ita ce ma ta zaunar da ni rubutun nan. Ranar Juma'a ta tambaye ni kamannin kakanta, na rasa abin nuna mata. Ni da duk garin Jega ke kira mai hoto, ba ni da hoton fuskar ubana.

Ka tuna ranar da na kawo maka kyamarar nan? Abokina mai kai albasar Aliero Legas ne ya taho mini da ita, irin sabuwar nan marar fim, wadda kana ɗauka kana ganin hoton a bayanta. Ka auna nauyinta a tafin hannu, ka ce bindiga ce marar albarushi. Sannan ka gyara hula ka ce to, in ɗauke ka. Na ce ka bari sai na iya ta tukuna, don ba na so hotonka na farko ya fito a karkace. Maɓallanta sun fi yatsuna yawa, littafinta kuma Turanci ne zalla. Ka yi dariya ka ce babu komai.

Sai na ce bari in koya a kan tsuntsaye, tunda su ba sa ƙorafi. Duk Asabar nakan ɗauke ka a babur mu gangara fadama, wurin da ka yi shekaru kana harbin dinya da kirinjijiya kafin ka rataye bindiga. Zalɓe ne ya fara yi mini mutunci, shi da ke tsayawa kamar an kafa shi. Amma raina yana kan fararen tsuntsayen nan masu dogon fiffike da ke zuwa lokacin sanyi, waɗanda kake cewa baƙi ne daga teku.

Sun ba ni kashi, Baba. Duk wanda na ɗauka yana tashi, in na duba sai in ga ruwa da sararin sama, sai ɗan tsinin baki yana leƙowa ta gefe. Na zargi gilashi, na zargi batir, har mai gyaran rediyo na kai wa ita a kasuwar Jega, ya jujjuya ya miƙo mini abata.

Kai ka gano ciwon. Ka tsaya kana kallon hannuna, sai ka ce, "Kai wanga, halbi kakai, ba hoto ba." Tun ina ƙarami ka horar da ni da magana ɗaya: "Kak ka halbi inda take, halbi inda za ta." Ashe hannuna bai manta ba. Kullum sai in riga tsuntsuwa zuwa gabanta in jira ta, alhali harsashi ne ke tafiya kafin ya isa, hoto kuwa nan take yake kamawa. Na daɗe kafin hannun ya saki wannan ɗabi'a.

Ranar da na samu ɗaya sarai, fiffike a buɗe, kifi a baki, na ce maka yanzu na iya, Asabar mai zuwa ka sa babbar rigarka. Ranar Laraba aka aiko mini a Jega aka ce in zo gida, Allah ya yi maka cikawa.

Har yau ina jin haushin kaina. Kana zaune a gabana, hula a gyare, ni kuwa na je ina jiranka a wata Asabar.

Bayan tambayar Hafsatu na buɗe ɓatattun hotunan nan da ƙyuya ta hana ni gogewa. A cikin guda, bakin tsuntsuwa na gefen hagu kamar kullum. A dama kuma ga hannunka, da hannun shuɗiyar rigarka, yatsa a miƙe yana nuna gabanta. Fuska ba ta shiga ba. Da na saita daidai ran nan, ko hannun ma da ban samu ba.

Na nuna wa Hafsatu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni me kakan yake nunawa. Na ce mata inda tsuntsuwar za ta.

Jiya na hau babur zuwa Sarandosa. Na iske Inna tana tankaɗe, gari har gira. Tana ganin kyamara ta ce in tsaya ta wanke fuska ta sake zane. Na ce to, amma kafin ta ajiye rariya na riga na ɗauka. Hoton ya ɗan karkace, kuma ba zan goge shi ba.

Allah ya gafarta maka, Baba, ya haskaka kabarinka, ya sa inda ka je ya fi inda ka baro. Mu kuma ya haɗa fuskokinmu a can.

Ɗanka da ya makara,
Bello