Janaretana a Gidan Maƙwabci

Laraba, bayan sallar isha'i

Yau kwana uku ana marka, rana ko leƙowa ba ta yi ba. Batirin sola ya mutu tun la'asar, firiza ta tsaya, ga tarwaɗa kwando biyu da aka kawo mini daga Kirikasamma jiya. Na taɓa ɗazu, ƙanƙarar ta fara narkewa.

Da bazara na yi lissafina, lokacin da rana ke ƙona ƙafa. Na ga fetur yana cinye ribar kifin kaf, sai na sayar da janareta, na haɗa da kuɗin adashe na sayi batir. Yaya Sabo sai da ya ce, "Hajara, ki bar injin nan ko don damina." Na ce masa ai man ba kyauta ake ba ni ba.

Ɗazu na aika wurin masu bandar kifi, sun ce itacensu duk ya jiƙe.

Wayyo Allah. Yanzu haka ina jin janaretan yana ruri a gidan maƙwabcina Malam Idi, wanda na sayar wa. Ko cikin barci na san ƙararsa. Da asuba zan yafa mayafi in je in roƙi hayar abina.