Fis Yana Aljihuna

Litinin, 3 ga Maris

Yau aka haɗa unguwarmu da sabon tsari. Gidan da ke da sola a rufi, in wuta ta yi masa yawa, sai ya turo rarar cikin layinmu, a tara a manyan batura kusa da taransifoma. Shekara ashirin da bakwai ina kai wa mutane wuta, yau ga mutane suna kawo mini. Wadda ta zana tsarin kuwa Auta ce, 'yata. Da manaja ya ce, "Injiniya za ta yi bayani," har na waiga ina neman injiniya. Hular kwano ta kusa yi wa kaina kaɗan.

Laraba, 5 ga Maris

Ta kawo doka: ko an kashe layi, sai an taɓa shi da sandar gwaji kafin a hau falwaya. A gida na ce mata, "In na cire fis da hannuna, wa zan tambaya kuma?" Ta ce, "Baba, da ta ƙofa ɗaya wuta ke shigowa, yanzu ƙofa ɗari ce." Wai ni za a koya wa wuta! Tunda nake, ba mutum ɗaya a ƙungiyata da wuta ta taɓa kamawa. Ba ni da abin alfahari da ya wuce wannan.

Asabar, 8 ga Maris

Babban layi ya faɗi awa huɗu da rana tsaka. Unguwarmu ko ƙiftawa ba ta yi ba. Mai walda yana ta aikinsa. Duk wanda na gani sai na ce masa aikin 'yata ne, har uwarta ta ce na ishi mutane.

Talata, 11 ga Maris

Waya ta saki a bayan makaranta. Na cire fis, na sa a aljihu kamar kullum, na ce Dogo, yaron aikina, ya hau. Shekara goma sha biyar muna tare, 'ya'yansa biyar. A rabin tsani ya ce, "Maigida, sandar fa?" Na ce, "Hau, malam, na kashe." Ya ƙi motsi. Don in kunyata shi na miƙa masa ita.

Ta yi ƙara. Jar fitila.

Ashe wani tela ne ya haɗa batirinsa da kansa, ba rajista, yana turo wuta baya. Dogo ya sauko, ya shiga tattara kayan aiki. Da ma ya zage ni.

Laraba, 12 ga Maris

Na wuni ina tuna 'ya'yan Dogo biyar.

Alhamis, 13 ga Maris

Dogo ya rubuta a rahoto: an gwada, an samu wuta. Shi ke nan, ya rufa mini asiri. Auta ta karanta a taro, ta ce kowa ya yi koyi da ƙungiyar Baba. Aka tafa. Na rasa inda zan sa fuskata.

Lahadi, 16 ga Maris

Na sami Auta tana wanke-wanke. Na ce, "Ba ni na ce a gwada ba." Ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Na sani, Baba. Gobe kai za ka yi wa sauran ƙungiyoyin bayani. Ni ba sa jin maganata, kai za su ji."

Na ce sai na duba lokacina.

Na dai ba da riga a goge.