Ƙaramin Shalimon Baban Mina

Arlit, farkon watan Rajab

Zuwa ga Yayata Nusaiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da duk mutanen Tasawa. Yaya ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau, sai gajiya.

Kin yi ta mita a waya wai ba na gaya miki komai. Yaya, ta ina zan gaya miki, mutumin yana zaune a gefena? Tun da aka rufe ramin haƙar ma'adinan da suke aiki, maigidan nawa, Baban Mina, ba ya zuwa ko'ina. In na shiga madafa yana bakin ƙofa, in na fito yana kan tabarma. Shi ya sa na ari biron Mina na zauna rubutu, direban kar, motar fasinjan nan, zai kawo miki.

Maganar shalimo ce. Shi ne bakin wutar nan na masu walda, mai tiyo biyu, ja da shuɗi, ɗaya daga tukunyar asetilan, ɗaya daga ta oksijan. Da shi ya ci abinci a kamfani tun kafin a haifi Mina. Yanzu ya ce zai sayi nasa ya riƙa aiki a gida. Da na ji haka har hamdala na yi, na ce ko ba komai zai tashi daga kan tabarmar nan.

To ashe iri biyu ne a shagon Fatahu, wani mutumin Tahoua mai sayar da kayan ƙarfe a kasuwa. Akwai ƙarami, wanda zai liƙe tukunya, ya gyara ƙofa ko ƙafar gado ko salansar kabu-kabu. Akwai kuma babba, tsawonsa ya kai hannu, yana da wani maɓalli da ake dannawa, wai yana yanka ƙarfe mai kaurin tafin hannu kamar sabulu. Ki gaya mini, wa yake da irin wannan ƙarfe a unguwarmu? Babu kowa. Wurin da ake buƙatarsa ɗaya ne, Tchibarakaten, can cikin sahara wajen masu haƙar zinariya. Abokinsa Amastan direba, mai kai ruwa da kaya can, duk ranar da ya sauka a gari sai ya zo shan shayi, ya yi ta ba shi labarin injinan niƙa dutse da ke karyewa babu mai gyara.

Ni dai na gane. In ya sayi ƙarami ya zauna, in ya sayi babba ya tafi. Ga ƙirjin nan nasa, tari ba ya barinsa, likita kuma ya ce ya yi nesa da ƙura. Na ga yadda maza ke dawowa daga wurin nan, wasu ma saƙonsu ne ke dawowa. Tsoro nake ji, Yaya, ba zan ɓoye miki ba.

Kullum sai ya je wajen Fatahu, ya ɗauki wannan ya auna a hannu, ya ajiye, ya ɗauki wancan. Ya dawo hannu biyu ya zaunar da ni yana mini karatun bakuna da lambobinsu, wane na siririn ƙarfe, wane na mai kauri. Wallahi na ƙoshi da karatun nan, ko a mafarki tiyo nake gani. Ki taya ni da addu'a.

Ki gaida Inna da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Siddiƙa


Arlit, cikin watan Sha'aban

Yaya Nusaiba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya kamar yadda muke. Na ga saƙon daddawa da kuka, Allah ya saka da alheri. Mina na gaishe ki, tana can tana fama da karatun lakwal.

Kin ce in yi haƙuri in bar namiji da shawararsa. Kin san halina, ban iya ba. Wata rana bayan la'asar ya sake ɗauko zancen bakuna, sai na ajiye tsintsiya na gaya masa komai. Na ce na biyo shi garin da ko inuwar bishiya sai an nema, ban taɓa cewa ya mayar da ni ba, ban taɓa roƙonsa wani abu mai nauyi ba, amma wannan karon ina roƙo. Ban yi kuka ba, don na san kuka haushi yake ba shi. Sai ya tashi ya tafi masallaci. Washegari sai ga shi da ƙaramin a cikin kwali, amalanke na biye da shi da tukwane biyu.

Zo ki ga iyayi. Ya share zaure da kansa, ya tsayar da tukwanen ya ɗaure su da sarƙa a bango, wai ta asetilan ba a kwantar da ita. Ya kore ni da kaskon fankena zuwa bayan gida, wai mai da oksijan ba sa haɗuwa, ko hannu mai maiƙo ba a taɓa tukunyar da shi. Ya koma kasuwa har sau biyu don wani ɗan ƙarfe da ke hana wuta komawa cikin tiyo, ya ce ba zai kunna a gidan da ƴarsa ke kwana ba sai da shi.

Ranar da ya kunna ya kira ni in gani. Ya buɗe jan tiyo, wutar ta tashi rawaya tana baƙin hayaƙi, ya ce wannan ba ta aikin komai sai ɓata bango. Ya buɗe oksijan a hankali, sai ta tsuke ta koma shuɗiya tana huci. Yaya, rabon da in ga fuskarsa haka har na manta. Ya liƙe mini hannun tukunyar tuwo, ya gyara wa maƙwabciya gado, daren nan ya ci abinci har da ƙari.

Abu ɗaya ne dai, oksijan ba a cika shi a nan, sai an aika tukunyar Agadez an jira. Ya ce a hankali zai riƙa amfani da shi. Ni kam na samu abin da nake so, yau barci zan yi.

A gaida mutanen gida.

Taki,
Siddiƙa


Arlit, bayan ƙaramar salla

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Barkanmu da salla, Allah ya maimaita mana. Ina fatan Inna ta sha azumi lafiya. Ki yi haƙuri da shiruna, ba ni da abin faɗa mai daɗi ne.

Aiki babu. Ni da na yi lissafina, da idon Tasawa na yi shi, inda kowane gida akwai amalanke da garma da ke jiran gyara. Nan kuwa unguwarmu watsewa take yi. Duk mako sai kamiyo ya tsaya a ƙofar wani gida an loda kaya an yi kudu. Wanda zai sayar da gadonsa jibi ba ya gyara masa ƙafa. Ƴan kaɗan da suka rage kuma kasuwa suke zuwa wajen masu waldar lantarki.

Amma kullum da sassafe sai ya sa shuɗin kakinsa na kamfani, ya fito da benci ƙofar gida, ya jawo tiyo. Ina bayan gida ina suya ina jin hucin wutar, ina cewa alhamdu lillahi wani ya kawo aiki. Sai ranar da na zo sharar zaure na ga wasu guntayen ƙarfe a bayan ƙofa, duk jikinsu tabon walda, an liƙe an yanke, an sake liƙewa an sake yankewa. Washegari na laɓe na duba. Ashe lokacin yake jira da kar ɗin ɗaya kamfanin, wanda bai rufe ba, ke wucewa ta kan titinmu da ma'aikata. Da yawansu tsoffin abokan aikinsa ne. Da ya hango ƙurar motar sai ya kunna, ya duƙa kan ƙarfen. In sun zo daidai shi ya ɗaga tabarau ya ɗaga musu hannu, kamar wanda aiki ya sha wa kai. Suna shan kwana ya kashe.

Ban ce masa na gani ba. Allurar agogon da ke kan tukunyar oksijan tana ta sauka, shi ma yana ganinta. Abinci sai ya taɓa ya ture. Da zai yi mini faɗa, ya ce ga abin da na jawo, da na samu sauƙi, don na iya faɗa. Amma ko sau ɗaya bai ce ba. Amastan ma ya daina zancen Tchibarakaten, su sha shayi kawai ya tashi ya tafi.

Na gaji, Yaya. Ba gajiyar aiki ba, irin wadda barci ba ya maganinta.

Ki gaida yara.

Siddiƙa


Arlit, watan Zulƙida

Yaya Nusaiba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da maigidanki. Ina fatan an fara samun ruwa a wajenku. Ni da Mina muna lafiya.

Oksijan ya ƙare. Na zaci shi ke nan, zai zauna a ciki har Allah ya kawo yadda za a yi a aika Agadez. Da safe sai na ji yana jan benci. Na leƙa ta zaure. Ya sa kaki, ya sa tabarau, da motar ta taho ya kunna da jan tiyo kaɗai. Wutar ta tashi rawaya, tana lilo, baƙin hayaƙi na sauka a kan hannunsa, shi kuwa ya duƙa da ita kan ƙarfe kamar mai aiki. Yaya, mutanen cikin motar nan ƴan sana'a ne, ko yaron makanike ya san wutar nan ba ta narka komai. Ina kallo ya ɗaga musu hannu. Biyu suka amsa, sauran suka juya fuska wajen ɗaya tagar, don kada su ba shi kunya. Motar ta wuce, shi kuma bai kashe ba, yana tsaye da ita a hannu har sai da tari ya sarƙe shi.

Ban yi shawara da kowa ba. Da ya tafi sallar azahar na kwance ƙaramin daga tiyo yadda na ga yana yi, na mayar da shi kwalinsa, na sa hijabi na nufi kasuwa. Fatahu ya kalle ni, ya kalli kwalin. Ya karɓa ya ɗauko babban. Kuɗin da ya rage na cika, kada ki tambaye ni da me. Nauyi gare shi, sai da na sauya hannu sau da yawa kafin in iso gida.

Na ajiye masa a kan tabarma. Da ya gani sai ya ce, "Siddiƙa, kin san inda wannan zai kai ni." Na ce na sani. Ya ce ƙirjin fa? Na ce wanda ke kashe shi a ƙofar gida ya fi tarin sauri, kuma wannan a gabana ake yinsa.

Sun tafi shekaranjiya da Amastan, an ɗaure tukwanen a tsaye tsakanin tankunan ruwa, Amastan ya ce can za a samu oksijan. Na haɗa masa magungunansa da rawani biyu don ƙura. Yana hawa motar yana tari, amma da kansa ya ɗaga kayansa, har yana yi wa masu lodi faɗa kan ɗaurin igiya. Can waya ba ta cika shiga ba, sai dai in jira abin da Amastan zai kawo.

Na san Inna, tana ji za ta ce ya gudu ya bar ƴarta a sahara don kwaɗayin zinariya. Ina roƙonki kada ki bari ta faɗi haka. Ki gaya mata ya zauna domina har iyakar ƙarfinsa, ni ce na je kasuwa da ƙafata na ɗauko masa abin tafiyar. In ya dawo lafiya mun gode Allah. In kuma wani labari ne ya zo, kada kowa ya ɗora masa, ni na zaɓa.

Ku sa shi a addu'a, Yaya, ku sa ni.

Ƙanwarki,
Siddiƙa